Ranar da Gwaggo Ta Ga Dawa a Kansas

Da asuba muka bar Longsight, mai gidana yana jan akwati ina biye da shi, ruwan Manchester yana ta yayyafinsa na kullum. A Stockport Road muka hau bas, babu kowa ciki sai masu aikin shara da wata nas mai gyangyaɗi. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa, wai yau ni ce zan je Amurka! Tun da ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar yaran da nake aiki saboda tsuke bakin aljihun nan na gwamnati, na zama 'yar zaman gida. Shi ya sa da aka ce ana neman mai raka Gwaggo, dangi duka suka juyo suka kalle ni.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana zaune a Birmingham wajen ɗanta. 'Yarta ta fari ce ta haihu a wani ɗan ƙaramin gari a jihar Kansas, inda mijin yake aikin likita. Da na isa Birmingham na tarar da ita ta shirya tsaf, tana ta faɗa don ɗan nata ya zare kilishi daga kayanta, ya ce ba a shiga da nama. Kuka da daddawa da yajin jego dai sun tsira. A hanyar filin jirgi ta raɗa mini, "'Yar nan, ba zama zan je yi ba. Daji aka kai yarinyar nan aka ajiye. Ɗauko ta zan yi, ta yi wanka a gabana, ta ga mutane." Ba ta taɓa kiran sunanta, kunyar 'yar fari.

Mun yi ta hawa jirgi muna sauka har na daina gane ko safiya ce ko yamma. Shayin filin jirgi kuwa, tsadarsa ta sa Gwaggo ta ce ta ƙoshi tun kafin a zuba. A filin jirgin Wichita, wani birni a Kansas, mijin nata Likita ya tarbe mu, ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukarsa, Turawa suna ta kallo.

Daga nan muka miƙi hanya. Jama'a, ban taɓa ganin fili irin wannan ba! Titi a miƙe sambal, ba kwana, ba tudu, sararin sama kamar an kifa ƙwarya. Ni da na saba da gidajen Longsight masu manne da juna, sai na ji kamar an cire mini rufin ɗaki. Kowane gari daga nesa ake hango shi da dogon rumbun hatsi na siminti, ya fi hasumiyar cocinsu tsayi. Shingen gonaki kuma ba da itace aka kafa ba, da dogayen duwatsu ne masu ruwan ƙasa. Likita ya ce da can babu bishiyoyi a yankin, sai mutane suka riƙa sassaƙa dutse suna yin dirka.

Gwaggo tana ta jan carbi, fuskar nan a murtuke. Can sai ta buga kujera. "Tsaya! Tsaya mana!" Likita ya taka birki a firgice. Ta fita, ta tsallaka kwata da zaninta, ta kama wata zangarniya ja ta murza a tafin hannu, ta shinshina. "Wallahi dawa ce! 'Yar nan, zo ki ga dawa!" Dawa ce kuwa, ja wur, har iya ganinka, sai dai gajeriya, iya ƙugu. Gwaggo da ta tashi a gonar kakanmu, inda karan dawa ke shanye mutum a tsaye, ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce wace irin rowa ce ta hana ta tsayi? Da Likita ya ce yawanci shanu ake ba, dariyar ta tsaya cak. Ta ce, "Shanu? Allah Ya shirya."

Garin nasu titi ɗaya ne babba: banki, gidan waya, kantin kayan gona, gidan cin abinci guda da ɗan asibiti. Mai jego ta fito da gudu ta rungume mu, ga jaririya jawur. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne firij cike da kwanuka. Ashe matan garin ne suke karɓa-karɓa wajen kawo abinci tun ranar haihuwa, kuma sun tambaya sun san abin da ba ma ci. Abincin dai sai a hankali: taliya da cuku, dankali da cuku, har wake da cuku. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce ba laifi, yunwa ba za ta kashe mutum ba, amma jego ba ya yiwuwa sai da kunu.

Washegari ta sa aka kai ta wajen maƙwabcinsu manomi, wani dogon tsoho mai jar fuska. Ni ce tafinta. Ya ji ana cin dawa a wasu ƙasashe, amma bai taɓa sa ta a baki ba. Ya cika mana bokiti yana murna. Gwaggo ta jiƙa, ta surfa yadda ta iya, ta markaɗa a injin kicin, ta dama kunun kanwa. Tsohon ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya sake kurɓa, sai ga shi yana miƙo kofi. Matarsa ta ce gobe za ta zo a koya mata. Haka suka wuni suna hirar damina da tsuntsaye masu cin hatsi, ni ina tsakiya har muƙamuƙina ya gaji.

Matar manomin ce ta kai mu tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wadda suka mayar gidan tarihi. Ita ke riƙe da makullin. Ta ce kafin kowa, 'yan asalin ƙasar ne ke farautar ɓauna a filin, aka kore su. Ta faɗi haka ba tare da kwana-kwana ba. Sai layin dogo ya zo, jirgi na buƙatar wurin shan ruwa, aka haƙa rijiya kusa da rafi, gari ya tsiro. Kakanninta daga Turai suka zo. Ta nuna mana hoton gidansu na farko, an yanko ƙasa da ciyawarta an jera kamar tubali. Gwaggo ta ce, "Ashe su ma sun yi gidan ƙasa!" Matar ta ce daga baya injina suka karɓe aikin gona, matasa suka watse birane, aka rufe sinima, aka haɗe makarantarsu da ta wani gari. Ina jin haka na tuna ƙofofin da ake ta garƙamewa a unguwarmu.

Sai matar ta kama hannun Gwaggo. Ta ce sun daɗe ba su da likita kafin zuwan wannan, mijinta ya taɓa kusa mutuwa a hanyar asibitin birni. Ta ce, "Na ji za ki tafi da 'yarki. Idan ta tafi ba ta dawo ba, shi ma zai bi ta. Ni ma uwa ce, ba zan hana ki ba. Ina dai so ki sani muna ƙaunarsu." Na fassara. Daga nan muka koma gida.

Da yamma Gwaggo ta zaunar da mai jego, ta ce, "Ke, tsakaninki da Allah, kina jin daɗin wurin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, kewa kam ina yi. Amma ba a wulaƙanta ni ba ko sau ɗaya." Gwaggo ta kalli jaririyar, sannan ta ce a ɗora ruwan wankan jego, a nan za a yi shi.

To, ƙarshenta ni kaɗai na dawo. Wadda ta je ɗauko mutum ita ce ta sa aka ɗage mata tikiti, wai sai an yi arba'in. A Birmingham ɗanta ya san da maganar, amma sai da ya leƙa bayana ko za ta ɓullo. Na iso Longsight cikin ruwa, yara suka yi caa suna tambayar dogayen benaye da taurarin fim. Na ce ban ga ko ɗaya ba, manoma na gani.

Abin da na koya shi ne, daga nesa kowane ƙaramin wuri daji ne, sai ka shiga ka tarar da mutane riƙe da junansu da ƙyar, suna ƙin barin garinsu ya mutu. Jiya Gwaggo ta kira ni, iska na kaɗa wayar, muryarta kamar ta yarinya. "'Yar nan, kin san inda nake? A cikin motar girbi! Tsohon nan ya ce in riƙe sitiyari, kuma wallahi na riƙe!"