Gawar da aka sa ta jira jirgi

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da rasuwar aminina Alhaji Sallau. A Katsinar da muka tashi, wanda ya cika da hantsi ba ya kai la'asar a gida, attajiri ne ko ɗan dako. Yau in babba ya rasu, sai an tambayi Abuja tukuna.

Tare muka yi allo a Ƙofar Marusa. Ya yi minista kafin soja su karɓe mulki, daga baya ya wakilci ƙasar nan a waje, ni kuma ina yi masa tafinta da Faransanci da Larabci. Na ga ranar da ya zaunar da mutanen da suka daɗe suna kashe juna, bai bar su sun tashi ba sai da suka yi musafaha. A wata ƙasar Turai mun halarci jana'izar wani shugaba da aka ajiye kwana da kwanaki ana zagaya shi da badujala. Da muka fito ya ce mini, "Malam Habu, in na riga ka, ka hwaɗa masu ni ba kayan kallo ba ne. A kai ni da wuri."

Da soja suka koma bariki, shi ya bi gari-gari yana sasanta 'yan siyasar da suka kama mulki. Bai daɗe ba ya cika, wata safiya cikin bazara. Muka yi masa sutura, masu haƙa suka aiko cewa kabari ya yi. Sai ga waya: tawagar gwamnati na tafe, a dakata.

Na sami babban ɗansa a zaure na faɗa masa wasiyyar. Ya sunkuyar da kai. "Baba, na ji. Amma in muka rufe ba su iso ba, wa zai sake duban gidan nan?" Liman ya ce a kai shi, ya sake faɗa, sannan ya haƙura. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Aka kawo ƙanƙara aka jera gefen gawa, mata suna ta ƙara turare a kasko. Jirgin tawagar bai sauka ba sai washegari. Suka tsaya a sahun gaba, aka ɗauki hoto, ko maƙabarta ba su raka mu ba.

Da zai ga yau, ban ce zai yi mamaki ba. Da yawa cikin mutanen tawagar shi ya koya musu aikin gwamnati, kuma ya san halinsu.

Sulhun da ya ƙulla a waje ya warware tuntuni. Samarin unguwa sun san sunansa a allon wani titi, ba su san ko wane ne ba. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya tabbata shi ne wanda ya roƙa kada a yi: tun daga ranar, a garinmu gawar manya jiran baƙi take yi, kuma an daina jin kunyar hakan.