Girman Sunan Alhaji a Littafin Zuriya

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hular da ke kaina, ba na jin zan manta shekarar da aka ba ni aikin littafin zuriyarmu.

Lokacin ina aiki a wani shagon ɗab'i wajen Ƙofar Rini, kaina na hayaƙi, don na ƙirƙiro wani ɗan tsari na gaya wa kwamfuta yadda za ta ƙawata rubutu. Ba sai ka bi layi-layi kana gyara ba. Doka guda za ka rubuta a sama: duk abin da ke ƙarƙashin wani ya gaji launinsa da irin harafinsa, girmansa kuma ya ɗan ragu. A littattafan makaranta abin ya zauna daram, babi babba, sashe ƙarami. Har na fara ganin Sakkwato ta yi mini kaɗan.

Sai Gwaggo, ƙanwar babana mai haɗa taron zumunci, ta ce in buga sunayen zuriya tun daga kakansu. Damuwarta ɗaya ce, Alhaji, ɗan wan babansu, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu. Tun wani saɓani kan gona ya daina taka gidan kowa, sai a shekarar da ƙyar ya ce zai zo. Kowa kuwa ya san abu kaɗan ke sa ya ɗauki sandarsa ya fice.

Na zuba sunaye, dokata ta yi aikinta, na kai wa Gwaggo gwaji ina jiran yabo. Na manta kakan nan ya haifi autansa da furfura. Sai ga sunan autan, mai gyaran babur a unguwar Minanata, ɓaro-ɓaro a sahun 'ya'ya, na Alhaji kuwa can ƙasa cikin jikoki, ɗan mitsitsi.

"Ɗan nan, mi kay yi haka?" in ji Gwaggo. "Yaya fa shi yak kai wanga yaro makarantar allo bisa keke."

Na ce ai doka ce, baffa dole ya fi ɗa girma.

"Dokar wa? Kai kay yi ta, kai ka gyara ta."

Nan take na kawo dabara: in ciro sunan Alhaji daga cikin jerin, in ba shi shafi guda shi kaɗai, da ado. Wani kallo ta yi mini da har yau ina jinsa. "Mutumen da ad da shekaru shina ganin mun ware shi, shi za ka warewa?"

Kunya ta kama ni, gaskiya. Na koma shago na ƙera abin da muke kira makiro, wato gajeriyar kalma mai ɗauke da umarni. Na sa mata suna "dattijo". Duk sunan da na liƙa masa ita sai ya ƙi gadon girma kawai, ya fito babba, amma ya riƙe sauran, ya kuma zauna ƙarƙashin ubansa.

Ban san wa ya fasa ƙwan ba, sai waya ta dame ni, kowa dattijo ne. Wata innarmu da kullum ke rage shekarunta ranar ta rantse ta girmi Gwaggo. Da ƙyar muka tsaya a kan sai wanda ya ga jika.

Ranar taro a Gidan Dahala aka miƙa wa Alhaji littafin. Girman da na sha wahala a kai ko kallo bai ishe shi ba. Yatsa ya ɗora kan sunan mahaifinsa, ya gangaro kan nasa, ya yi ta bi a hankali har ƙasa.

"Har da jikokina kunka sa," ya ce. "Ashe ba ku hidda mu ba."

Ya jingine sandar, ya ce a miƙo masa fura.

Abin da na koya shi ne, in za ka tsara doka ka bar mata ƙofar togiya, don mutane ba babin littafi ba ne. Amma kome za ka gyara, kar ka raba mutum da tushensa da sunan girmama shi.