Layin Siddiƙ da Ba Ya Ciruwa

Duk tashar 'yan kabu-kabu ta bakin kasuwar Arlit an san Siddiƙ Badamagare da abu biyu: iya tuƙi da kashe salula. Wata ta faɗa butar shayi, wata zafin rana ya dafa ta a aljihu, wata kuwa babur ɗinsa ne da kansa ya bi ta kai. Ko a jikinsa. Sai ya ɓalle bayanta, ya zaro sim, ya lasa, ya goge a hannun riga, ya ari wayar duk wanda tsautsayi ya kawo kusa ya zura. Lambarsa ɗaya tun zuwansa garin.

Burinsa ya ajiye babur ya koma jan kar, wato bas ɗin da ke kai ma'aikata mahaƙar uraniyom. Ya yi gwajin tuƙi, aka ce ya saurari kira ranar Litinin, wanda bai ɗaga ba a kira na bayansa.

To, ka san ɗan Adam in ya hango girma. Siddiƙ ya ce direban kamfani ba ya amsa kiran manya da waya ɗaure da roba. Ya sayo ƙatuwa mai sheƙi daga masu kayan Aljeriya, aka mayar masa da layinsa eSIM, wanda ba shi da kati, a cikin wayar yake zaune. Tun daga nan ya ishi tasha da bayani.

Litinin da hantsi ta sulale daga aljihu ta kifa a kan dutse. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Siddiƙ har da dariya. Nazifi, abokin sana'arsa da suka yi gwajin tare, ya raka shi rumfar Alhusaini mai gyara.

"Ciro mini layina in sa a taka," in ji Siddiƙ.

"Wane layi, ɗan'uwa? Ba abin cirowa."

"Buɗe dai ka duba, wataƙila maƙalewa ya yi."

"Sai 'yan ajans, ofishin kamfanin layin, sun mayar maka da shi wata wayar, su ko rezo ɗinsu, wato sabis, ya ɗauke tun safe. Gilashin irinta kuma sai daga Agadas."

Bai rufe baki ba wayar ta fara kuka. Lafiyarta ƙalau ta ciki, fuskar ce kawai ta mutu. Siddiƙ ya shafa da babban yatsa, ya shafa da yawu, ya goga hanci, ya kara ta a baki yana ihu, "Alo! Ni ne! Ina ji!" Ita dai kukanta take yi. Ta gaji ta yi shiru, ta sake, ta kuma yin shiru.

Wallahi abin tausayi. Ƙato da shi, ya zauna a benci idanu sun kawo ruwa.

Sai wata waya ta fara kuka a aljihun Nazifi. Ya dubi Siddiƙ, ya dubi ƙasa, ya ɗan ja gefe, ya rage murya.

"Alo? I, ranka ya daɗe, ni ne."