Hajiya Barira 'Yar Abijan da randar shokola

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaga ƙofar butik, wato shagona, waya ta shigo. Malam Idi ne daga Tsauni, ƙanen Hajiya Barira. Bai ko gama sallama ba ya ce, "Alhaji, Yaya ta cika bayan asuba."

Na zauna a kan buhun sukari. Ban san na zauna ba.

Kafin in faɗi ko wace ce ita, bari in fara yaba wa shokolan, wato cakulan, da ni kaina nake sayarwa. Jarumi ne. Zafin bazara bai taɓa narka shi ba. Shekara zai yi a kanta yana nan yadda yake, ko tururuwa in ta zo sai ta kewaye shi ta wuce wajen biskit. Allah ya ƙara masa lafiya.

Da shi na yi zaton zan fita kunya lokacin auren 'yata Zainabu.

Mijinta ɗan Damagaram ne, yaron kirki. Uwarsa kuwa, wadda kowa ke ce wa Madam, ta daɗe a Yamai, kuma Faransa a wajenta kamar Kance ce, nan kusa, a wajenmu. Ranar da suka kawo lefe ta kalli tsakar gidana ta yi murmushi, ta kira sunan garinmu ta ce, "Matameye ai sai rake."

Zainabu na bayan labule, ta ji.

Duk wanda ya aurar da 'ya ya san gara. Abin da dangin amarya suka kai gidan miji, shi za a riƙa tuna mata har ta yi jika. In ya yi kyau ta zauna da kanta a sama. In bai yi ba, gori ne safe da yamma. An ce mini Madam ba ta da abin so kamar shokola mai kyau, sai na ce to, a nan za mu haɗu.

Na shiga nema. Shokolan Damagaram ƙanen na kantata ne. Wanda na sa aka sayo daga Kano ya iso kamar kunu a leda. Ina cikin wannan hali wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ke shan shayi a ƙofata ya ce, "Alhaji, akwai wata tsohuwa a Tsauni da nake kawo wa kakawo daga bakin teku. 'Ya'yan itacen da ake yin abin ke nan. Ban san me take yi da su ba, amma gidanta ƙamshi kamar me."

Na same ta ƙarƙashin mangwaro tana juya kasko, ita ce Hajiya Barira. Ta yi zaman aure a Abijan, a can ta koyi aikin, mijin ya rasu ta dawo gida da hannunta.

Ta miƙo mini wani ɗan baƙin abu. Na jefa a baki na fara tauna.

"Alhaji, ba goro ba ne," in ji ta. "Aje shi a harshe ka yi shiru. Ko da yake an ce mini shirun ne ke ba ka wuya."

Na yi shiru. Da fari ɗaci, sai wani zaƙi ya biyo baya a hankali, mai ƙamshin da na sani amma na kasa kamawa. Ta ce mazarƙwaila ce, ta raken garinmu. Raken nan dai da Madam ta raina.

Da kanta take suya, ta sheƙe ɓawo a faifai, ta niƙa a dutse har ya yi sheƙi. Wani ta cusa masa dabino, wani gyaɗa, wani aya. Ba ta yarda da firigo, wato firji, ba, ta ce wutar garinmu ba ta da alkawari. Randa ce ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi, a ciki take ajiya.

Ranar kai gara ta aiko da kayan a rufe, da gargaɗi ɗaya: kada rana ta gan su.

To, kun san al'adarmu. Ba a loda gara a mota sai an baje ta a tsakar gida mata sun gani sun yi guɗa. Yayata, Yaya Hajara, ita ce shugabar wannan fanni, kuma ba a haifi mai ce mata a'a ba. Ta jera alkaki, ta jera dubulan da nakiya, ta buɗe shokolan ta shimfiɗa shi a faranti a tsakiya, inda kowa zai gani. Ta ce abu mai tsada ba a ɓoye shi.

Kowa ya gani kuwa. Har rana.

Da aka kira ni daga waje, farantin ya zama tabki. Yaya Hajara na cewa asiri ne. Zainabu ta kira daga Damagaram tana tambaya ko an taso.

Na buga wa Hajiya waya. Ba ta yi faɗa ba. Kabu-kabu ta hau, tsohuwa da ita, rungume da randarta kamar jariri.

Tana shigowa ta ce, "Wace ce ta shanya mini 'ya'ya kamar kuɓewa?"

Yaya Hajara ta ce, "Ni ce, sai me?"

"Sai ki wanke hannu ki zo ki riƙe mini faranti."

Ta ja su cikin ɗaki. Alkakin nan da dubulan ta riƙa tsomawa ɗaya bayan ɗaya cikin narkakken shokolan, tana jerawa a randa, ta naɗe randar da jiƙaƙƙen buhu. Haka aka sa ta a mota, Yaya Hajara na tallafe da ita har Damagaram.

Matan da suka je sun ba ni labari. Madam ta ga randa a cikin gara ta ɗaga gira. Ta ɗauki alkaki ɗaya ta gutsura. Ta ɗauki na biyu. Sai ta ce a kai randar ɗakinta, a raba wa baƙi cincin.

Daga ranar Zainabu ba ta ji kalmar rake a gidan nan ba.

Tun lokacin, duk sanda Hajiya ta shigo gari sai ta ƙullo ɗan kado, tsarabar shokola, a ganye ta ce, "Na Inna ne, ba naka ba." Tsohuwata ba ta da haƙori ko ɗaya, shi ne abin da take ci ba ta nemi taimakon kowa ba.

Ganinmu na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Ta ɗauki shokolan kantata ta ƙwanƙwasa a tebur ta ce, "Alhaji, in ka tashi gini kada ka sayi bulo." Muka yi dariya. Na gaya mata Zainabu ta kusa sauka. Ta ce, "Na suna a kaina yake. Ka dai ɗaure mini yayarka ranar."

Allah bai nufa ba.

Ya Allah ka jiƙan baiwarka Barira. Yadda ta rufa wa 'yata asiri, ka rufa mata ranar da babu inuwa sai taka. Ka sanyaya makwancinta, ka ba Malam Idi da dangi haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a, har ku da kuka ɗanɗana kuka ce maganin zazzaɓi ne.

Madam kuwa tuni ta aiko da randar, wai a cika ta kafin suna. Ga ta nan a butik, kusa da jarumin da tururuwa ta ƙi.

A cikinku wa zai kai wa Madam jarumin nan a madadin na Hajiya?