Ƙwayar Ciwon Kaina da Cikin Ƙanwata

A shekarun da ake gina dam ɗin Kainji ni matar masunci ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani ƙauye na bakin Kwara, ba nisa da Warra. Sana'ata bandar kifi, in rani ya yi kuma in taɓa noman albasa. Ina da ƙarfi, ina da baki, ba a kai ni ƙasa a magana, kuma duk inda mata suka taru muryata ake fara ji. Malam edita, yau na tsufa, bakin nan ya mutu, ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci shi na tattara na rubuto muku wannan. Ba tausayi nake nema ba. So nake wata ta karanta ta tsira daga abin da ni ban tsira ba.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai. Wanda bai taɓa yin sa ba sai ya ɗauka ciwon kai ne irin na kowa, alhali wallahi ba haka ba ne. Kafin ya zo sai in ga wani ƙyalli a gefen idona na hagu, kamar yadda rana ke yi bisa ruwa da hantsi. Da na ga haka na san wunin ya lalace. Rabin kaina zai kama bugu kamar ana daka a ciki, in yi amai har in rasa abin amarwa, ba na son haske, ba na son motsin yaro, warin kifin da nake ci da shi kuwa ya zame mini azaba. Babu abin da ba a yi mini ba. Wanzami ya yi mini tsaga a gefen goshi, tabon na nan har yau, an kafa mini ƙaho, na sha rubutu, an turara ni da hayaƙi don wasu sun ce mutanen ruwa ne suka shafe ni. Ciwo dai yana nan inda yake.

Lokacin da ma'aikatan hukuma suka fara zuwa suna duba gidajenmu, suna cewa ruwa zai cinye garin za a mai da mu tudu, maigidana ya tafi Yelwa da kifi ya tafi da ni asibiti. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani malamin asibiti ke fassara. Ya yi mini tambayoyi har da waɗanda na ji nauyinsu, wai ko ina da ciki, ko ina shayarwa. Na ce babu ko ɗaya. Sannan ya ba ni wasu 'yan ƙwayoyi a ƙaramar kwalba, ya ce in sha da zarar na ga ƙyallin nan, kada in wuce abin da ya ƙayyade mini, kuma kada in ba kowa ko da ciwonmu iri ɗaya ne. Ya ɗaga yatsa ya maimaita wata magana har sau biyu, cewa mai ciki kada ta kuskura ta sha, domin maganin yana matse jijiya, yana kuma matse mahaifa. Ya ce ni kaina in na ga ɓatan wata in ajiye shi in dawo.

Magani kuwa ya yi aiki. Ranar da na fara gwada shi na zauna ina jiran bugun nan, shiru, har na tashi na ƙarasa bandata. Kai, murnar da na yi ba ta faɗuwa. Daga nan sai bakina ya buɗe. A bakin ruwa wurin wanki nakan tsaya in kwaikwayi likitan, in ɗaga yatsa in murguɗa harshe in ce wai mai ciki kada ta sha, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki. A wurinmu kuma ba a rowar magani. In kina da abin da ya yi miki amfani, maƙwabciyarki na kwance kika hana ta, har ki mutu ana faɗi. Don haka duk wadda kanta ya sara sai ta aiko, in ɓalla rabi in ba ta. Babu wadda wani abu ya sama. Sai na yanke a raina cewa gargaɗin nan rowa ce kawai irin ta mutanen asibiti, ba su son talaka ya san sirrinsu.

Ina da ƙanwa, ita kaɗai ce wadda muke ciki ɗaya. Inna ta rasu ta bar ta tana tatata, ni na goye ta, na tafi da ita ɗakin aurena, ni na yi mata komai har na aurar da ita ga yaron da take so, shekara guda kafin ƙaurar. Yaya take ce mini, amma matsayin uwa ta ba ni. Yarinya ce mai kunya ƙwarai, ko abinci ba ta iya ci a gabana sosai tun da ta yi aure. Masu karatu na yanzu ƙila ba za su gane ba, amma a zamaninmu cikin fari ba abin faɗa ba ne. Yarinya takan ɓoye shi har sai ya fito da kansa, ba ta faɗa wa uwarta, uwa kuma ba ta tambaya. Wadda ta buɗe baki ta ce tana da ciki, an dinga nuna ta ke nan ana cewa ba ta da ta ido. Ni kuwa na ga alamu, ba zan yi ƙarya da furfura a kaina ba. Na ga tana yawan tofar da yawu, na ga tana kauce wa hayaƙin banda, na ga ɗaurin zanenta ya hau sama. Na gani na kau da kai, na ce a raina in da wani abu ai tsofaffi za su yi mini raɗa.

Makon tashinmu ya zo cikin tsananin zafi. Motoci na jigilar kaya zuwa sabon gari, maza na cire azara da ƙyamare, tsofaffi na zuwa maƙabarta suna dawowa da jajayen idanu. Kowa ransa a jagule. Da azahar muna zaune mu mata ƙarƙashin wata tsamiya muna ɗaure tukwane, sai na hangi ƙanwata ta dafe kai da hannu biyu. Na tambaye ta, ta ce kanta ne ke sarawa tun safe. Nan take na kwance bakin zanena na fito da kwalbar, a gaban kowa, don ina son a gani. Ta ce in bar shi, zai wuce, ta sha jiƙo. Na ce wane jiƙo ana ga maganin likita. Ta sake cewa in bar shi dai. Sai raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce raina maganina ta yi, ko kuwa akwai abin da ke hana ta sha ne ta faɗa mana mu ji. Matan suka fashe da dariya, wata har da guɗa. Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ta miƙo hannu. Na zuba mata biyu, na ba ta ruwa a ludayi, na tsaya a kanta har ta haɗiye.

Washegari ciwon bai sake ta ba, na ƙara mata. Wanshekare ma haka, har na wuce abin da aka ƙayyade mini ni mai ciwon. Da hantsin ranar da za a kwashi kayan gidansu, tana cikin naɗe tabarma sai ta durƙushe ta riƙe mara. Kafin in iso jini ya jiƙe zanen. Aka kira tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garinmu, ta kore mu waje, ni na ƙi fita. A gabana abin ya faɗo. Namiji ne, an halicce shi sarai, da 'yan yatsunsa da komai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka naɗe shi a ƙyalle, mijinta ya haƙa rami a bayan ɗakin da suke shirin bari ya rufe shi. Jini kuwa ya ƙi tsayawa, sai a ɗaya daga cikin motocin kayan nan aka shimfiɗa ta tsakanin buhuna muka nufi Yelwa, kanta bisa cinyata, ina ta kiran sunanta don kada ta yi shiru.

A asibiti malamin nan mai fassara ya tambayi abin da ta ci ko ta sha. Na fito da kwalbar na miƙa masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya gane ni sarai, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Likita ya ce ba zai rantse cewa ƙwayar ce kaɗai ba, don ga ɗaukar kaya ga zafi, amma wannan shi ne ainihin abin da ya gargaɗe ni a kai. Zazzaɓi mai zafi ya biyo baya, ta daɗe a kwance, da ƙyar aka samu kanta. Da aka sallame mu, sabon gari muka wuce, cikin gidajen nan na siminti masu zafi kamar tanda. Mutane suka ce wahalar ƙaura ce ta zubar da cikin, na bar su a haka. Matan da suka zauna ƙarƙashin tsamiyar nan sun sani, amma babu wadda ta taɓa tayar da maganar. Ba a daɗe ba ruwa ya hau, ya shafe garin da tsamiyar da bayan ɗakin.

Ƙanwata ba ta ƙara ko ɓatan wata ba. An yi na asibiti, an yi na gida, shiru. Aurenta na fari ya mutu, na biyu ma bai daɗe ba, daga ƙarshe ta dawo gidana ta zauna. Ita ta yi renon 'ya'yana na baya da jikokina, duk wanda ya yi kuka bayanta yake nema. In ana suna a unguwa ita ce kan gaba wurin daka, tana dariya da kowa, sai in tashi in shiga ɗaki don ba na iya kallo. Ƙwayar kuwa tun ranar na bar ta a asibiti ban ƙara karɓa ba. In ƙyallin ya zo sai in kwanta in ce bari ya ci ni, na cancanta. Yanzu na san wannan ma wauta ce, maganin bai yi laifin komai ba, ni aka ba, kuma ni ya yi wa amfani. Abu guda na riƙe ina lallashin kaina da shi shekara da shekaru, cewa rashin sani ne, ni ban tabbatar tana da ciki ba, ita kuma yarinya ce ba ta san abin da ƙwayar ke yi ba.

Ashe ko wannan ba ni da shi. A ciwonta na ajali, wata ranar la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, na daure na roƙe ta gafara, karo na farko da na taɓa buɗe baki a kan maganar. Sai ta ce ita ce ya kamata ta nemi gafara. Ta ce ta sani. Tana wurin wankin nan duk lokacin da nake kwaikwayon likita, ta ji da kunnenta cewa mai ciki ba ta sha. Ranar da na miƙa mata a gaban mata, ta ce ta duba ta ga hanya biyu ce, ko ta haɗiye, ko ta faɗa da bakinta a gabana, ni da na goye ta, cewa tana da ciki. Ta ce bakin ya ƙi buɗuwa, sai ta haɗiye tana roƙon Allah Ya tsare. Washegari kuma ta ga tunda ta sha na farko, in ta faɗa yanzu zan ce don me ta yi shiru jiya. Ta ce duk tsawon shekarun nan ita a ganinta ita ta kashe ɗanta, kuma kunya ta hana ta ce in taya ta roƙon Allah. Muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, kowace na ɗauke da gawar yaron nan ita kaɗai. Ba ta yi mako ba bayan wannan Allah Ya karɓi abinSa.

Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe, amma ni ban samu sauƙi ba, ban kuma sa ran samu a duniyar nan. Abin da nake roƙon masu karatu, musamman 'yan'uwana mata, maganin da likita ya rubuta miki naki ne ke kaɗai, ya duba jikinki ne ya ba ki, bai duba na maƙwabciyarki ba. A kira ki marowaciya, ki haƙura da sunan. In ya ce kada a yi kaza, kada ki mai da maganarsa abin dariya don kin ga an yi sau ɗaya an kwana lafiya. Ku kuma manya, kada ku titsiye yarinya a gaban jama'a a kan abin da kuka san ba ta iya faɗa. Ku 'yan mata, kunyar da za ta sa ki haɗiye abin da zai cuce ki, ki ajiye ta ki yi magana, dariyar mutane ba ta wuce wuni ɗaya.

Har yanzu nakan sa a kai ni bakin tafkin Kainji in zauna. Masunta na wucewa da jiragensu ta saman tsohon garinmu, ni kuwa ko wajen da bayan ɗakin nan yake ba na iya nunawa. Da ranar nan na ja ta cikin ɗaki mu biyu na tambaye ta a hankali, da kai kawai za ta gyaɗa mini, da yanzu yaron nan ma ya yi furfura.