Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Ban taɓa sha'awar ganin teku ba. Ruwan da na sani shi ne rafin garinmu Kontagora, mai cika da damina ya ƙafe da rani, sai kogin Yawuri da nake leƙawa jefi-jefi. Inna ce ta aike ni, kuma Inna ba ta maimaita aike.

Yayana ya bi motar albasa zuwa Kudu tun ina saurayi, bai sake dawowa ba. Ba ɓata ya yi ba. Duk Sallah yana bugo waya, ya gaida kowa har awakin gida, ya ce yana nan tafe bayan damina. Damina ta wuce ya ce bayan Sallah. A haka furfura ta fito mana, shi yana bandar kifi a wani tsibiri, ni ina auna hatsi a kasuwa. Da idon Inna ya fara dishi-dishi sai ta daina tambayar ranar zuwansa. Ta ɗauki 'yar fartanya ta zaga bayan ɗakinta, inda aka binne cibiyarsa, ta tono jar ƙasa ta ƙulle a tsumman atamfa. Ta ce in zuba masa a ruwan sha ba da saninsa ba, wai wanda ya sha ƙasar cibiyarsa hankalinsa ba ya kwanciya sai ya tako gida. Inna 'yar Nasko ce, har yau Hausarta da gargadar Kambarci, amma umarninta bai taɓa neman tafinta ba. Na ce mata wannan ai camfi ne. Ta ce to, in kai camfin.

Hanyar kuwa ba na son tuna ta. Daga Mokwa zuwa Jebba mun fi tsayawa a kan tafiya, manyan motoci sun toshe ko'ina, gwiwata ta kumbura saboda buhun da aka cusa mini a ƙafa. Na wuce Ilori da Badun a gyangyaɗe. Legas ta karɓe ni da hayaniya ta miƙa ni ga wata motar, ita kuma ta sauke ni a wani ɗan gari da titi ya ƙare a cikinsa.

Garin bai kai unguwa guda ta Kontagora ba. Itatuwan kwakwa, gidajen katako da kwanon rufinsu ya ci tsatsa, raga a shanye ko'ina, ga ƙarnin kifi da ya kama har burodin da na saya. Iskar wurin a jiƙe take, rigata ta manne mini a baya. Na tsaya na dubi ruwan, ina neman ƙetarensa kamar yadda muke yi a Yawuri, ban gani ba. Mutane suna cewa teku na sa mamaki. Ni gajiya ya ƙara mini, don abin da ba shi da ƙetare ban san yadda ake gama kallonsa ba.

Wani mahauci ɗan Arewa da na samu a bakin kasuwa ya sa ni a kwalekwale mai inji. Ya ce tsibirin Yaya na can ciki, wannan jirgin a tsibiri na farko yake tsayawa, daga nan sai a zo a ɗauke ni. Muka ratsa tsakanin ƙananan tsibirai, wasu da bukkoki a kan dirkoki, wasu babu kowa sai tsuntsaye. Na rungume jakata, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Da na sauka na kira Yaya. Ya yi murna, ya ce in zauna in huta, sai ruwa ya zo zai taso.

Na ɗaga kai na dubi sama. Tas take, ko ƙyallin gajimare babu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na baro kasuwata, na karya bayana a mota, na zo har ƙofarsa, shi ne zai sake yi mini zancen damina. Na kashe wayar ban ko yi masa sallama ba.

Azahar ta yi. Bakin tsibirin fili ne na yashi shimfiɗe, ruwan yana can nesa. A tsakiyar filin na ga turaku a kafe, na ce a raina mutanen nan ma suna kiwo, sai dai ban ga akuya ko ɗaya ba. Na ɗaure jakata tam a jikin turke guda, inda zan riƙa hango ta. Wata mata mai tallar kifi ta nuna jakar ta nuna ruwa, tana ta bayani da yarensu. Na ɗauka ɓarayi take faɗa mini, na nuna mata ƙullin igiyar, na yi mata godiya. Ta girgiza kai ta wuce. Na hau tudu ƙarƙashin kwakwa na yi salla, na jingina da itacen don in miƙe gwiwa, barci ya sace ni.

Da na farka babu filin. Ruwa ya shafe shi har kusa da ƙafata, turakun nan kawunansu kawai ake gani, an ɗaure kwalekwale a jikin biyu daga ciki. Sama kuma tana nan tas yadda na bar ta. Wani mutum mai furfura ya tsunduma har ƙugu yana kwance igiyar jakata. Sai da ya juyo na ga goshin babanmu.

Muka rungumi juna, shi a jiƙe ni a gajiye. Ya yi dariya har da tari, ya ce a nan ruwa tafiya yake yi ya dawo, safe da yamma, ba ruwansa da hadari. Idan ya janye, jirgi ba ya iya fita daga tsibirinsu. Turakun kuma na jirage ne. Ni dai ban yi dariya ba, na zazzage jakar a kan tudu. Ƙuliƙulin da Inna ta soya ya zama kunu, daddawa ta narke a cikin kayana. Tsumman atamfar yana nan da ƙullinsa, amma ya lafe, ba komai a ciki sai jan shaida a jikin zaren.

Yaya ya ɗauka ya juya shi. Ya gane zanen, ya kuma gane abin da aka ƙulla. Dariyar ta tsaya.

"Ranar da zan tafi," ya ce, "Inna ce ta ce duk garin da na sauka in jiƙa ƙasarsa in sha, don wurin ya karɓe ni. Na sha, ƙanena. Ya karɓe ni."

Na yi kwanaki a tsibirinsu. Matarsa mutuniyar kirki ce, ta yi ta ɗura mini miyar kifi mai yaji. 'Ya'yansa suna ce mini Baba, iyakar Hausarsu ke nan sai sannu. Na ga rumfar bandarsa, na ga ɗan masallacin katako da yake limanci, na ga kabarin ɗansa na fari a bayan gida. Ban yi masa faɗan da na taho da shi ba, ƙarfin yin sa ya ƙare a hanya. Da zan tafi ya cika mini kwali da busasshen kifi, ya ce in gaya wa Inna yana nan tafe. Tsumman kuwa bai mayar mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta na iso. Ba ta taɓa kwalin ba, ta tambaye ni ko ya sha. Na gaya mata gaskiya, tun daga turken har barcin. Na yi mata bayanin ruwan can, yadda yake tafiya nesa har ka manta da shi, sannan ya komo inda ya bari.

"Kullum yake dawowa?" ta ce.

Na ce kullum, Inna.

Ta sa aka raba wa maƙwabta kifin. Washegari da safe ina shirin fita kasuwa na ji ƙarar fartanya a bayan ɗakinta, a hankali, tana sara tana hutawa. Na leƙa. Tana durƙushe tana laluben wurin da hannu, ta riga ta yago wani tsumman daga bakin zanenta.