Ƙanena Tela da Katin Asibiti

Ƙanena tela ne. Shekara arba'in da ɗaya yana kan keke ɗaya, a shago ɗaya, ƙarƙashin benen wani mai sayar da taya. Ni na goya shi, don haka ba zan ƙara masa abin da ba shi da shi ba. Bai iya ado ba, bai taɓa fito da sabon yayi ba. Abu guda ya iya wanda babu mai kama ƙafarsa a layin nan: sa yadi ya isa. Ka kawo masa yadin da teloli uku suka ce ba zai yi riga ba, zai shimfiɗa shi a tebur, ya juya, ya sake juyawa, ya zana da alli, ya fitar maka da riga har da aljihu. Shi ya sa marasa ƙarfi ne masu kawo masa ɗinki, shi ma bai taɓa wuce su ba.

Matarsa har yau Amarya muke ce mata, ko da yake furfurarta ta fi tawa. 'Yarsu ɗaya tana aure nesa, tana fama da nata. Hawan jini ya kama su duka biyun, shi kuma nasa ya haɗa da bugun zuciya da ba ya tafiya daidai. Suna da katin inshorar lafiya na iyali. Duk wata su je asibiti tare, a gwada su, kowa ya dawo da ledar maganinsa. Haka suka yi shekara tara babu wanda ya kwanta.

Sai gwamnati ta ce za ta gyara harkar lafiya. Wata da watanni rediyon shagon ba ya maganar komai sai wannan. A bencin ƙofa akwai mutum biyu da ba sa kawo ɗinki, zama kawai suke kawowa: wani malamin makaranta mai ritaya da wani tsohon direba.

"Dokar nan don talaka aka yi ta," in ji Malam. "Kowa zai samu kati, har wanda ba shi da ko sisi."

"To wa zai biya masa? Aljani?" in ji Direba. "Kai da fansho ya toshe maka baki, me za ka ce?"

"Kai da kake riƙe jarida a juye, ina ka san doka?"

Tela, da allura a baki, abin da yake cewa kawai shi ne, "Ku ɗaga ƙafa, kuna taka yadin mutane."

Rabin dokar ce ta wuce. Katin kyauta na marasa galihu ya tabbata. Tallafin da aka ce za a ba waɗanda suka haura sittin ya maƙale a majalisa, ana ta jayayya a kansa. Kamfanonin inshora ba su jira ba. Suka soke katin iyali, suka ce kowa da nasa, kuma gwargwadon shekarunka da ciwonka gwargwadon abin da za ka biya. Na Tela shi kaɗai ya fi abin da suke biya su biyu a da.

Ya je ya bi layin masu neman na kyauta. Ma'aikaciyar ta tambaye shi ko yana da shago. Ya ce yana da shi. Keken ɗinki fa? Ya ce har da na ajiya, wanda ya lalace. Ƙanena bai iya ƙarya ba, kuma yana alfahari da kekensa.

"Baba, ai kai ɗan kasuwa ne," ta ce, ta kira na bayansa.

Ya sabunta katin Amarya, ya bar nasa ya mutu. Bai gaya mini ba, don ya san bakina.

Daga nan ya yi abin da ya saba yi da yadi. Amarya ta karɓo maganinta na wata, shi kuma ya zuba ƙwayoyin a teburin yanka, ya sa reza ya raba kowace biyu, daidai wa daida, babu gutsurewa. Rabi nata, rabi nasa. Da likita ya ga jininta ya ƙi sauka, ya ƙara mata wata ƙwaya, ƙarama, fara. Tela ya ɗauko ragowar tasa ta zuciya, wadda ke hana jini daskarewa, ya kai su bakin taga ya jera su kamar yadda yake gwada zare da yadi. Ƙarama, fara. Ya ce ai ita ce, Allah ya kawo sauƙi. Ita ma ya shiga raba ta biyu.

Wata na bakwai na gane. Na shiga shagon da rana na same shi yana yankan.

"Wannan kuma fa?"

"Yaya, zauna mana. Kafin majalisa ta gama ne kawai. Malam ya ce wata mai zuwa."

"Malam ne zai ɗauki gawarka? Wa ya ce maka farar ƙwayar nan irin taka ce?"

"Dubi launin."

"Magani ne, ba atamfa ba, shashasha! Ka kai sittin da biyar ba ka yi hankali ba?"

Ya yi dariya ya ce ai ni na rene shi.

Na ɗauki kwalin na kai wa mai kantin magani na bakin titi. Ya duba ya ce ba ta haɗa komai da tasa ta zuciya ba. Na tambayi kuɗin ta gaskiyar, ya faɗa, na saya masa ta kwana goma, iyakar abin da jakata ta iya ke nan. Na je ofishin inshora, aka ce wanda ya bar katinsa ya mutu, in ya sake biya sai ya jira wata shida kafin ya fara aiki. Na buga wa 'yarsa waya, ta yi kuka, ta ce za ta yi magana da mijinta. Kwana goman suka ƙare.

Wata safiya, yana tsakar ɗinka wuyan riga, keken ya tsaya. Direba ne ya lura da bakinsa ya karkace. Shi ya tare mota, shi da Malam suka cicciɓe shi, Malam yana cewa a hanya, "Taimakon gaggawa kyauta ne yanzu, doka ta ce." Gaskiyarsa kuwa. A asibiti sun karɓe shi ba su nemi kati ba, sun ceci ransa. Ba zan hana wa dokar wannan ba.

Amma hannun dama ya mutu, yana jan ƙafar. Likitar, yarinya ce mai kirki, ta ce mini wata ukun farko su ne komai. In ana yi masa gashin ƙashi a asibiti sau uku a mako, hannun zai iya dawowa ya riƙe almakashi. In aka wuce lokacin, sai abin da Allah ya yi. Gashi ba ya cikin gaggawa. Sai da kati.

'Yarsa da mijinta suka haɗa suka biya katin. Na kai takardar ofis da kaina. Yaron da ke bayan gilashi ya buga hatimi ya ce, "Wata shida, Mama."

"Likita ta ce uku."

"Na sani. Ba ke ce ta farko ba yau. In majalisa ta cire sharaɗin, zan fi kowa murna."

Ban zage shi ba. Ba shi ya rubuta ba.

Amarya ta koma shan ƙwayarta cikakkiya, jininta ya sauka har yana sa ta jiri, kuma tana tsoron gaya wa likita dalili kada a ƙwace nata katin. Shagon a buɗe yake, don Tela ya ce zaman gida zai kashe shi. Ana kawo shi da safe, ya zauna a bencin. Malam da Direba sun rage murya, amma ba su daina ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini a tsaye, a bakin ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi, yadda ake miƙe yatsu a lanƙwasa. Ban sani ba ko daidai nake yi. Kullum da hantsi nakan ɗora hannun a cinyata, in bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Jiya, mako na tara, ya runtse ido, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yaya, kin ji? Babban ya motsa."

"Ban ji ba."

"Ki dai riƙe da kyau."

Na riƙe da kyau. Ya sake gwadawa.